Wane yaren kwamfuta ne ake cin abinci da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a jami'a. Java da C++ aka koya mana, amma abokaina sun ce zamaninsu ya wuce, Python ake yayi. Wanne ne kamfanoni suke aiki da shi da gaske?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokanka sun yi gaggawa. Kamfani ba ya sauya yare don yayi. Manhajar da ya kashe shekara goma yana ginawa da Java, wanda ya iya Java zai nema ya riƙe masa ita. Shi ya sa bankuna da manyan kamfanonin sadarwa suke manne da Java, wanda Sun Microsystems ya fitar tun 1995.

Kai, akwai wanda ya fi wannan tsufa. COBOL ya fito a 1959, amma a 2020, lokacin korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka sai da ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya shi, domin na'urorin biyan tallafin marasa aikin yi, masu aiki da COBOL, sun kasa ɗaukar yawan masu nema. Tsohon doki, sai mai shi.

In yawan guraben aiki kake dubawa, JavaScript yana sahun gaba. Brendan Eich ya rubuta shi cikin kwana goma a 1995, kuma gaggawar tana nunawa a jikinsa, amma kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana gane shi, don haka mai gina shafin intanet ba shi da mafita. Kamfanoni da yawa yanzu TypeScript suke so, wato JavaScript ɗin da Microsoft ya sa wa linzami a 2012 don a kama kurakurai tun kafin manhaja ta tashi. PHP kuma, duk da zagin da yake sha, a kansa WordPress, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita, yake tsaye.

Python ya cancanci yabon da ake masa, musamman wajen nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Sai dai abin da abokanka ba su faɗa maka ba shi ne, nauyin lissafin da ke ƙarƙashinsa C da C++ ne suke ɗauka. Waya kuwa, Kotlin ga Android, Swift ga iPhone.

Wanda ɗalibai suke rainawa, ni kuma na fi ganin amfaninsa kullum, shi ne SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Ko da wane yare ka rubuta manhaja, sunayen kwastomomi da kuɗinsu a rumbu suke zaune, kuma a wajen tantance ma'aikata nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Kada ka yar da Javarka. Haɗa ta da SQL, ka gina ƙaramar manhajar lissafin shago, wadda za ta nuna kayan da suka shigo, waɗanda suka fita da bashin da ake bi, ka ɗora ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu, kafin ka tafi bautar ƙasa.