Tambaya da Amsa: Gwamnatin tsakiya ta riƙe komai, riba ce ko asara?

TAMBAYA: Salam Malam. Don Allah muna ta gardama da ƙawayena a makaranta kan tsarin da gwamnatin tsakiya ke riƙe da komai, wasu sun ce shi ke kawo cigaba da sauri, wasu kuma sun ce kama-karya ce kawai. Ina gaskiyar take? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh ba dole ne ya zama kama-karya ba, Faransa ma haka tsarinta yake kuma zaɓe suke yi. Abin nufi dai yin doka da tara haraji da rabon kuɗi duk suna babban birni, larduna sai abin da aka sammusu, kuma wanda ya ba su yana iya ƙwacewa.

Amfaninsa a fili yake, akwai sauri, in annoba ta ɓarke ko yaƙi ba sai an tsaya lallashin gwamnoni ba, doka ɗaya ce ko'ina, ga ragin kashe kuɗi tunda ba majalisa a kowace jiha, kuma ana iya ɗibar arzikin wani yanki a tallafi wanda ba shi da shi.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne nisa. Kinga iska ta yaye rufin aji a wani ƙauye, hedimasta zai rubuta takarda ta bi ofis-ofis har babban birni, wanda zai sa hannu bai taɓa jin sunan garin ba, kafin kuɗi su sauko damina ta wuce yara na zaune ƙarƙashin bishiya. Shi kuma jami'in da aka turo, wanda ya naɗa shi yake tsoro, mutanen gari ba su iya cire shi, don haka labari mai daɗi kawai yake aikawa sama. A China bayan shirin shugabansu Mao na 1958 na haɓaka noma da masana'antu cikin gaggawa, jami'ai sun riƙa ƙara alƙaluman girbi don tsoro, gwamnati ta kwashi hatsi bisa ƙarya, yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyi, kuskure ɗaya ya game ƙasa gaba ɗaya.

Sai batun ƙabilu. A watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya a Najeriya da doka mai lamba 34, rikici ya ɓarke a Arewa, Gowon na hawa ya maido da shi. Su kansu masu tsarin riƙe komai a tsakiya suna sassautawa, Faransa ta sakar wa yankuna iko a 1982, Birtaniya ta ba yankin Scotland majalisarsa a 1999, Indonesiya ma ta bi sahu a 2001 bayan faɗuwar shugabanta Suharto.

Ki gaya wa ƙawayenki su fara duba girman ƙasar. Ƙarama irin Singapore ba matsala, amma ƙasa mai faɗi da harsuna barkatai wallahi ban ga yadda ofis ɗaya zai ji kukan kowa ba.