Inda fakara da zabin daji suke kiwo bayan kaka

Malam, ka tambayi inda za ka samu fakara da zabin daji in ka fita daga birnin Kano, da kuma abin da suke ci. Ka nemi bakin gonakin gero, dawa da gyaɗa da aka girbe, musamman inda gona ta haɗu da kurmi ko fadama. Nan suke tsintar hatsin da ya zube, da 'ya'yan ciyawa, su tona ƙasa su ci gara, tsutsa da aya. Fara kuwa ba sa barinta. Kazar dutse ita daban ce, sai wurin duwatsu.

Ni dai abin da na gani, lokaci ya fi wuri muhimmanci. Da asuba fakara ke kuka tana fitowa kiwo, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana ta shige cikin sabara, ko kare ma da ƙyar yake tashinta. Zabi a bishiya suke kwana, kuma ba sa nisa da ruwa. Don Allah ka ƙyale su da damina, lokacin zabi ke ƙwai, ina jin takaicin ganin an harbe uwa a kan sheƙa. Dajin Falgore kuma keɓaɓɓe ne, kada ka shiga da bindiga.