Baba yana da hawan jini kuma za a yi masa allurar baya

Tambaya: Salam likita. Mahaifinmu shekararsa 74, ya daɗe da hawan jini, an sa masa ranar aikin gwaiwa kuma an ce allurar baya za a yi masa. Wallahi hankalina a tashe yake, tsorona kar jinin ya hau ana cikin aiki ya samu shanyewar ɓarin jiki. Wani mai kemis ya ce mu ƙara masa ƙwaya ranar da safe don ya sauka sosai. Mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kar ku yi.

Mu a ɗakin tiyata faɗuwar jini muka fi tsoro. Allurar baya tana sake jijiyoyin jini daga ciki zuwa ƙafa, jini ya taru can ƙasa, awo ya yi ƙasa, galibi cikin minti 20 na farko. Tsoho kuma jijiyoyinsa sun yi tauri, jikinsa ba ya saurin gyara kansa, ga ƙwaƙwalwa da ƙoda sun saba da jini mai ƙarfi, to awon da saurayi zai ɗauka lafiya lau shi Baba zai iya taɓa masa ƙoda ko zuciya. Shi ya sa muke rage allurar, mu sa drip, mu riƙa awo duk bayan minti 2 ko 3, da ephedrine, maganin ɗaga jini in ya faɗi, a sirinji a kusa, muna ƙoƙarin kar ya sauka fiye da kashi 20 cikin 100 na awon da ya saba.

Wannan ƙarin ƙwaya kuwa kullum sai na ci karo da shi, kuma yana ɓata min rai. A ɗirka wa tsoho nifedipine, ƙwayar saukar da jini, da asuba, wani har da jiƙon tafarnuwa, wai don kar a ɗage aiki, nas ta auna ta ga 120/80 kowa ya ji daɗi, ba wanda ya faɗa mana komai, muna yin allura sai ka ga dattijo yana hamma yana zufa yana cewa zai yi amai, awo ya zube ƙasa. Mai kemis ɗin yana shagonsa a lokacin, ba shi zai tsaya kan Baba ba. Kuma fa ba a cika ɗage aiki don 150/90 ba, sai ya kai wajen 180/110 muke fara maganar ɗagewa, gwaiwar da ba ta maƙale ba za ta iya jira.

Ki kwaso duk magungunansa a leda, har na gargajiya, ki kai wa likitan sa barci tun kafin ranar. A cikin magungunan hawan jini, amlodipine da atenolol yawanci ana sha da ɗan ruwa har safiyar aiki, lisinopril da losartan sau da yawa a dakatar awa 24 kafin nan, amma wanda ya duba shi ne zai yanke. In yana shan clopidogrel ko warfarin, magungunan hana jini daskarewa, ki faɗa tun yau, don akwai kwanakin da ake jira kafin a taɓa bayansa.