Tantanin mabiyiya zai rufe gyambon Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina tela ne a Kasuwar Dole, kuma yana da ciwon suga. Wata biyar ke nan gyambo ya fito masa a tafin ƙafa, ana wankewa ana ɗaurewa, ya ƙi rufewa. Ƙanena ya ji wai a ƙasashen waje ana lulluɓe irin wannan miki da wani abu na mabiyiya. Gaskiya ne? In haka ne, mu roƙi ungozoma ta samo mana?
Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanenki ya ji daidai. Abin da ake amfani da shi shi ne tantanin da ke riƙe ruwan faya, wanda jariri ke kwance a ciki. Siriri ne kamar tantanin cikin ɓawon ƙwai. Ba sabon abu ba ne, tun 1910 wani likitan Amurka, John Staige Davis, ya yi aiki da shi wajen dashen fata, kuma likitocin ido ma suna amfani da shi. Yana ɗauke da sinadaran da ke taimakon sabon nama ya tofo, yana kuma rage kumburi.

Amma don girman Allah kada ku je wurin ungozoma. Wanda ake sawa a asibiti, daga matar da aka yi wa tiyatar haihuwa ake karɓarsa da yardarta, bayan an gwada jininta don ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Sai a tsabtace shi, a busar ko a daskarar, a rufe cikin leda. Irin waɗanda ake sayarwa da sunan EpiFix da Grafix ke nan, kuma suna da tsada ƙwarai. Ɗanyar mabiyiya a kan mikin mai suga ƙwayoyin cuta za ta zuba masa, ƙafar na iya ruɓewa har a kai ga yankewa.

Ko inda ake da shi, ba da shi ake farawa ba. Sai an yi kulawar da ta dace kamar mako 4, aka ga mikin bai ragu da rabi ba, sannan a yi tunaninsa. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sana'ar Baba. Suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka miki bai ji zafi ba. In har yana taka keken ɗinki da wannan ƙafa daga safe zuwa la'asar, kullum yana murje naman da ya fara tofowa da dare. Ko an samo tantanin, haka zai murje shi.

Ku kai shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, wurin likitan tiyata. A kankare mataccen nama da kantar da ta zagaye bakin mikin, a duba ko jini na isa ƙafar, a ɗauki hoton ƙashi don a ga ko ƙwayoyin cuta sun shiga ciki, a daidaita sugansa. Ku nemi a yi masa filasta mai tauri irin ta karaya ko takalmin da zai ɗauke nauyi daga wurin, keken kuwa yaron shago ya taka, Baba ya zauna yana yanka. A nan ne za ku tambayi likitan ko mikin ya kai a nemo tantanin.

In kun ga ƙafar ta yi ja ta kumbura, ko tana wari, ko yatsa ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya kama shi, kada ku bari ya kwana a gida.