Wasan kwalba a gidan sa lalle ya hana ni zaman lafiya da mijina

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Don Allah ki ba ni shawara, aminiyata ce ta ci amanata, aminiyar da muka taso tare tun muna aji ɗaya a sakandare.

Ranar sa lallen ƙanwar wata ƙawarmu ne. Bayan la'asar mai ƙunshi tana ta aiki, mu kuma muna zaune a ɗaki muna jiran lalle ya kama, sai aka ɗauko kwalbar lemo aka ce a yi wasa. Za a juya ta a tsakar ɗaki, duk wadda bakin kwalbar ya nuna sai ta faɗi babban mutumin da ta taɓa so a ranta lokacin ƙuruciya. Wata ta ce malamin Islamiyyarsu saboda ƙira'arsa, wata ta ce likitan da ya yi mata tiyata, wata har shugaban makarantarsu ta ambata, aka yi ta shewa. Kowa ta faɗa Anti, kowa. Da ya zo kaina na ce ɗan bautar ƙasar da ya koyar da mu lissafi muna SS2, don yana burge ni idan ya sa farar riga da wandon kakin nan, har yakan tsayar da ni bayan an tashi ya ba ni katin waya ya ce kada in gaya wa kowa. Aka yi dariya aka wuce. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ashe ita da ba a kai ga yi mata lallen ba tana ɗauka da waya. Da dare ta ɗora a WhatsApp, kuma nawa kaɗai ta yanko. Nawa kaɗai, Anti, alhali ita ma ta faɗi nata. Ƙanwar mijina tana da lambarta, kafin gari ya waye maganar ta isa wajen Hajiya. Yanzu Abban yara ya daina cin abincina, sallama ma da ƙyar yake amsawa, wai ashe da wani a raina nake zaune da shi. 'Ya'yanmu biyu fa! Na kira ta ina kuka, ta ce ai wasa ne, kuma bayan awa 24 abin ya goge da kansa. Ya goge a ina, bayan an riga an sauke ana ta turawa? Ni abin da ke cina shi ne me ya sa nawa kaɗai. Na rufa mata asirin da ya fi wannan. Shin in yanke hulɗa da ita ne, ko in je gidansu in tona nata?

Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ban ji ta bakin aminiyarki ba, ban ji ta mijinki ba, kuma ba na son yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Amma kafin in zo kansu, akwai jimla guda a wasiƙarki da kika wuce ta da gudu, ni kuwa a kanta na tsaya: ya tsayar da ke bayan an tashi, ya ba ki kati, ya ce kada ki gaya wa kowa.

'Yar SS2 yawanci ba ta wuce shekara 15 ko 16. Shi kuwa ya gama jami'a, an turo shi aikin shekara guda, an damƙa masa 'ya'yan mutane amana. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Yarinya ta ji malaminta ya burge ta ba sabon abu ba ne, yawanci ilmi da kwarjini take so, da ta girma abin ya wuce. Babba ya keɓe ta, ya ba ta kyauta, ya sa ta ɓoye, wannan tarko ne. Mai neman yarinya da alheri wajen iyayenta yake zuwa da rana tsaka. Kina ba da labarin kamar sirrin zuciyarki ne, alhali laifin wani ne aka bar miki kina dako. Idan abin ya wuce katin waya, kada ki rubuto mini a nan, ki samu babbar mace da kika amince da ita ki faɗa mata.

Iyaye masu karanta wannan shafi, da ku nake. Ɗaki cike da mata, wasu da 'ya'yansu mata a makaranta, aka ji wannan magana aka yi shewa, babu wadda gabanta ya faɗi. Idan kun ga waya, kati ko turare a jakar 'yarku, ku tambaya cikin lumana wa ya ba ta. Ku koya mata tun tana firamare cewa duk kyautar da aka haɗa da "kada ki faɗa" a ranar ake kawo labarinta gida, ko daga malamin boko ta fito, ko na Islamiyya, ko kawu. Kuma idan ta faɗa kada ku dake ta, don daga ranar ba za ta sake faɗa ba.

Aminiyarki ta ci amana, babu wani wasa. Abu Dawud ya ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, maganar ta zama amana, balle hirar mata a ɗaki a rufe. Sai dai kada ki tona nata, kin ɗanɗana zafin abin. Ki gaishe ta idan kun haɗu, sirrinki kuma ya ƙare a wajenta. Ki nemi ta je gaban Hajiya da ƙafarta ta nuna bidiyon gaba ɗaya, a ga kowa ta yi magana.

Shi kuma Abban yara, na san an taɓa masa mutunci a gaban danginsa, amma bai kyauta ba. Yana kishi da tunanin yarinyar da bai ma san ta ba a lokacin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya muddin ba su aikata ko sun furta ba. Furtawar ce kaɗai kuskurenki, a kanta za ki ba shi haƙuri sau ɗaya, ba tare da durƙuson mai babban laifi ba. Ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku bai halatta ba, balle uwar 'ya'yansa. Ki same shi bayan isha'i yara sun yi barci, ki faɗa masa shekarunki a lokacin da abin da mutumin ya ce miki. Idan ya ƙi saurare, ki kai maganar wajen waliyyinki.