Dashen kwakwa na bakin titi

Ka tambaye ni ko ka sayi dashen kwakwar manja da ake jerawa a bakin titi tunda rabin kuɗi ne, ko kuwa ka tsinci ƙwallo a gindin bishiyar nan tawa mai yawan haihuwa ka shuka. Yaro, duka biyun ba za su fisshe ka ba.

Bishiyar da kake yabo sunanta tenera. Barbara aka yi tsakanin dura da pisifera aka same ta, kuma ba ta haifar kamarta. Ka shuka ƙwallonta huɗu, biyu ne za su biyo ta. Ɗaya zai koma dura, mai kaurin ɓawo da ƙarancin tsoka, ɗayan kuma pisifera, wadda nononta kan ruɓe tun bai nuna ba. A cikin leda kuwa duk ganyensu ɗaya ne, ko ni ba zan bambance ba.

Da wannan wani mutum ya cuce ni, lokacin da na buɗe gonar bakin rafi a nan Kurmi. Ya zo da mota shaƙe da dashe kore shar, da takarda mai hatimi, yana rantsuwa cewa irin cibiyar bincike ne. A gidana ya kwana, tuwona ya ci, sahu ɗaya muka yi asuba. Bijimaina na huɗa na sayar na biya shi. Daga nan na shiga bauta: noma, taki, ragar waya a gindin kowane dashe saboda gyazbi, share iyaka duk rani don kada gobarar daji ta shigo. Da suka fara haihuwa a shekara ta huɗu, na sa wuƙa na raba ɗa ɗaya gida biyu. Ɓawo ne kamar dutse, tsokar ba ta fi kaurin farce ba. Na bi layi ina yankawa har hannuna ya yi jawur, kuma a wasu bishiyoyin babu ma abin yankawa. Matan da ke matsa suka ce mini, "Baba, wannan itacen wuta kawai yake ci." Na je garin da ya ce yana zaune, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Takardar ma jabu ce. Bishiyoyin suna nan tsaye sun cinye mini fili, kuma ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku yaran yanzu kuna son manja a jarka kafin ku san warin taki. Abin da zai zauna a ƙasarka shekara 25 ne kake neman arha a kansa?

Ka tara kuɗinka ka tafi NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, da ƙafarka, kusa da birnin Benin take. Ka sayi iri mai tsiro, ka karɓi rasit a ofis, kada ka yarda da ɗan tsakani ko da ɗan uwanka ne. Ka rene shi kamar shekara guda a leda. Haƙa rami da ban ruwa ba sai na koya maka ba. Tazara dai mita 9 ce, a jeren murhu, wato kusurwa uku, hekta ta ɗauki 143. Na san halinku, za ka so ka cusa 200, su rufe juna su yi ta tsawo babu nono.

Gobe da sassafe ka zo da wuƙa, mu je gonar bakin rafin ka yanka da hannunka.