Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Injiniya Asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, ya ce injiniyancin na'urorin asibiti yake so ya karanta, alhali mu burinmu ya zama likita. Don Allah mene ne wannan fanni, kuma yana da amfani a nan ƙasar? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fanni ne da ake haɗa ilimin lissafi da lantarki da ƙere-ƙere da sanin jikin ɗan Adam, domin a gano cuta a kuma magance ta. Likita ne yake duba maras lafiya, amma yawancin abin da yake dubawa da shi injiniya ne ya ƙera. Na'urar CT, wadda take ɗaukar hoton cikin kai ba tare da an tsaga shi ba, Godfrey Hounsfield na Ingila ne ya ƙirƙiro ta, kuma duk da cewa injiniyan lantarki ne da bai taɓa karatun likita ba, an ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979.

Ki duba injin wankin ƙoda. Jinin mutum yana fita ta siririn bututu, ya bi ta matata mai ƙananan ƙofofi inda datti da ruwan da ya yi yawa suke ficewa, sannan ya koma jiki, galibi awa 4 sau 3 a mako. Idan ruwan da injin yake aiki da shi bai tatu sosai ba, rai ne a cikin haɗari, kuma injiniya ne yake lura da wannan.

A ganina, a nan buƙatarmu ta fi tsanani. Yawancin na'urorin nan an ƙera su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, babu kuma ƙurar hunturu irin tamu mai toshe matatar injin iskar numfashi. Na taɓa ganin kwalbar ɗumama bakwaini an jingine ta a lungun wani asibiti, an lulluɓe da zane, saboda ƙaramin abu ya ƙone kuma babu mai gyarawa, abin da har yau yake damuna.

Shawarata ita ce yaron ya dage da lissafi da kimiyya, sannan ku nemi izini ya ziyarci masu kula da na'urori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya ga aikin da idonsa kafin ya cike fom ɗin JAMB.